Atom, Molikul, Elimen da Kompawun: Amsoshin Tambayoyin da Ɗalibaina na Agege Suka Fi Yi

Duk shekara yaran da suka shiga aji ɗaya na babbar sakandare sukan zo lesin wurina bayan la'asar a nan Agege, ɗauke da ma'anoni huɗu da aka rubuta musu a allo. Sun haddace su tsaf. Amma da zarar na ɗebo gishiri a tafin hannu na ce, "To, wannan wanne ne a ciki?" sai a yi tsit, kowa ya koma kallon littafinsa. Ba laifin yaran ba ne. An ba su kalmomin cikin harshen da ba da shi suke tunani ba, a aji mai cunkoso, ba tare da an nuna musu komai a ido ba. Abin yana damuna ƙwarai, domin yaron da ya ruɗe a nan zai yi ta ɗingishi a kemistiri har ranar WAEC. Shi ya sa na tattara tambayoyin da suka fi yi mini, har da ta wani uba, na amsa su da Hausa. Sunayen kuwa na bar su yadda ake furta su a aji, tunda da su za a haɗu a jarrabawa.

Malam, a taƙaice, mene ne bambancin waɗannan abubuwa huɗu?

Kuskuren farko shi ne a ɗauke su kamar matakala guda: wai atom ƙarami, molikul ya fi shi, elimen ya fi molikul, kompawun shi ne babbansu. Ba haka suke ba. Biyu-biyu suke tafiya, kuma kowane biyu da tambayar da suke amsawa.

Atom da molikul suna magana ne a kan ƙwayar abu. Ita kaɗai take, ko wasu ne suka ɗauru da juna? Atom ƙwaya ɗaya ce. Molikul kuwa atom biyu ne ko fiye da suka ɗauru suka zama ƙulli guda mai zaman kansa.

Elimen da kompawun suna magana ne a kan iri. Atom iri nawa ne a cikin wannan abin? In iri ɗaya ne tak, elimen ne. In iri biyu ne ko fiye, a ɗaure, kuma bisa kason da ba ya canzawa, kompawun ne.

Ku tuna da duwatsun ado da mata ke shiryawa a zare. Kowane dutse guda atom ne. Launinsa shi ne irin elimen ɗinsa. In aka ƙulla jajaye biyu a guntun zare, an sami molikul, amma launi ɗaya ne, don haka elimen ne har yanzu. In aka ƙulla ja ɗaya da farare biyu, an sami molikul, kuma tunda launi biyu ne, kompawun ne. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, a kan wannan rabuwa ta tambayoyi biyu ya tsaya.

Shi atom ɗin, me ke cikinsa?

Atom shi ne ɓangare mafi ƙanƙanta na elimen da har yanzu yake ɗauke da asalin wannan elimen. Wasu malamai suna kiran sa ƙwayar zarra, kalmar da duk wanda ya yi karatun allo ya sani daga Suratul Zalzala, kuma Larabawan yau ma da ita suke kiran atom. Ita kalmar atom daga Girkanci ta fito, ma'anarta abin da ba ya yankuwa. Wani masanin Girka mai suna Dimokiritas ya kawo wannan tunani wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sai dai tunani ne kawai babu gwaji. Jon Dalton, wani malamin makaranta a Ingila, shi ya dawo da zancen da hujjar awo, ya wallafa shi a 1808.

Daga baya aka gano sunan bai dace da shi ba, domin atom yana da kayan ciki. Tomson ya gano elektiron a 1897, Rudafod ya gano cibiyar atom a 1911, Cadwik ya gano nutron a 1932. A cibiya akwai furoton mai cajin fozitif da nutron maras caji, kuma a nan kusan dukkan nauyin atom yake. Elektiron mai cajin negetif yana kewaye da ita daga waje.

Cibiyar nan ƙanƙantarta ta wuce misali. Da za a hura atom ɗin haidurojin har faɗinsa ya kai tsawon gadar Third Mainland, wadda ta kusa kilomita 12, cibiyarsa ba za ta wuce girman kankana da aka ajiye a tsakiyar gadar ba.

Abin da nake so ɗalibi ya riƙe: duk wani haɗi da rabuwa da ake yi a kemistiri, da elektiron na waje-waje ake yin sa. Ba a taɓa cibiya.

Me ya sa zinariya ta zama zinariya, ƙarfe ya zama ƙarfe?

Yawan furoton, shi ke nan. Atom mai furoton 1 haidurojin ne, mai 6 kabon, mai 8 oksijin, mai 11 sodiyam, mai 17 kulorin, mai 26 ƙarfe, mai 79 zinariya. Wannan ita ce lambar atom. Yawan nutron yana iya bambanta ba tare da elimen ya canza ba, irin waɗannan su ake kira aisotof. Kulorin, alal misali, akwai mai nauyin 35 da mai nauyin 37, na farkon ya ninka na biyun wajen sau uku a yawa, shi ya sa kuke ganin 35.5 a littafinku.

Elimen 118 aka sani a yau. Wajen 90 ana samun su a ƙasa da ruwa da iska, sauran a ɗakin gwaji aka ƙera su. Dimitiri Mendelif ɗan Rasha ne ya jera su a jadawali a 1869, lokacin 63 kaɗai aka sani. Ya bar gurabe babu komai, ya ce akwai masu su, ba a gano su ba ne tukuna. Haka kuwa aka yi: an gano galiyam a 1875, jamaniyam a 1886, da halaye kusa da yadda ya faɗa.

Kada kuma wani ya ɗauka elimen baƙon abu ne a wurinmu. Zinariya, azurfa, ƙarfe, dalma, kuza, zaiba, farar wuta: duk elimen ne, kuma kakanninmu sun san su da sunayensu tun kafin a zana jadawalin. Maƙeranmu sun daɗe suna narka tama su fitar da ƙarfe, wanda a harshen aji raba elimen ne daga kompawun ɗinsa.

Iskar oksijin, O₂, elimen ce ko molikul? Malaminmu ya ce elimen, littafi ya ce molikul.

Dukansu sun yi daidai, tambaya daban-daban suka amsa. Ta fuskar iri, oksijin kaɗai ne a ciki, don haka elimen ce. Ta fuskar ƙwaya, atom biyu ne a ɗaure, don haka molikul ce. Jajayen duwatsu biyu a zare ɗaya.

Elimen bakwai ne ke zama bibbiyu haka: haidurojin, naitirojin, oksijin, fulorin, kulorin, buromin da aidin. Farar wuta takwas-takwas take ɗauruwa, fosfaras fari huɗu-huɗu. Akwai kuma waɗanda ba ruwansu da kowa, kowane atom shi kaɗai yake yawo, irin su hiliyam da niyon da argon. Shi oksijin ma in ya ɗauru uku-uku sai ya zama ozon, O₃, wanda ke can sama yana tare mana cutarwar hasken rana. Elimen ɗaya ne, ɗaurin ne ya bambanta, hali ma ya bambanta. Haka lu'ulu'un daimon da baƙin abin da ke tsakiyar fensir: kabon ne dukansu, ɗaya ba abin da ya kai shi tauri a cikin ma'adinai, ɗaya kuwa takarda ma tana kankare shi.

An koya mana cewa kowane kompawun molikul ne, amma ba kowane molikul ne kompawun ba. Haka ne?

Rabi na biyun gaskiya ne, O₂ ya ishe mu shaida. Rabi na farko kuwa kuskure ne, kuma kuskure ne da ya yaɗu har cikin wasu takardun bita da ake sayar wa yara. Gishirin da muke ci kullum ya ƙaryata shi.

Hanyar ɗauri ba ɗaya ba ce. A cikin ruwa, oksijin da haidurojin suna tarayya ne a kan elektiron, kowa yana riƙe da shi, kamar mutum biyu da suka haɗa jari. Wannan tarayya tana samar da ƙulli mai iyaka: haidurojin biyu, oksijin ɗaya, an rufe. Kana iya nuna shi ka ce ga molikul ɗin ruwa guda, ga na kusa da shi can daban.

A gishiri ba tarayya ake ba, kyauta ce. Sodiyam yana da elektiron ɗaya a bayansa da ya yi masa yawa, kulorin yana neman ɗaya ya cika. Sodiyam ya bayar, ya zama mai cajin fozitif, kulorin ya karɓa, ya zama mai cajin negetif. Atom ɗin da ya sami caji haka shi ake kira ayon. Daga nan sai su riƙa jan juna ta kowace kusurwa. Kowane ayon na sodiyam yana da na kulorin shida kewaye da shi, kowane na kulorin ma yana da na sodiyam shida, haka jerin yake tafiya ba yankewa har ƙarshen ƙwayar gishirin. Ba inda za ka ɗora yatsa ka ce wannan sodiyam ɗin na wannan kulorin ne shi kaɗai. Saƙar tabarma ce mai launi biyu, ba ta da guntu mai zaman kansa. Rubutun NaCl, wato alamar gishiri, kaso kawai yake faɗa, ɗaya ga ɗaya. In ka duba gishiri mai tsabta da gilashin ƙara girma za ka ga ƙwayoyinsa masu kusurwa kamar ɗan akwati, wannan jerin ne ya fito fili.

Saboda haka gishiri kompawun ne, amma ba molikul ba ne. Yashin bakin teku mai kyalli ma haka, silikon da oksijin ne a saƙe ba iyaka. Ƙarfe kuwa elimen ne da ba shi da molikul. Ɗalibin da ya gane wannan ya gane dalilin da ya sa ruwa ke tafasa a digiri 100, gishiri kuwa ba zai ko narke ba sai wajen digiri 801: a ruwa molikul kawai ake nisanta da juna, a gishiri kuwa sai an warware saƙar gaba ɗaya.

Kompawun yana gadon halin elimen ɗin da suka haɗa shi?

Ba ya gado. Sodiyam dangin ƙarfe ne mai laushi da wuƙa ke yankawa, in ya faɗa ruwa sai ya yi ta tsalle yana huci, wani lokaci ya kama da wuta. Kulorin iska ce mai guba, ruwan ɗorawa-kore, an ma yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1915 aka kashe sojoji. Su biyun suka haɗu suka zama abin da ba a miya sai da shi. Haidurojin yana ci da wuta, oksijin yana rura ta, haɗinsu kuwa da shi 'yan kwana-kwana ke kashe gobara.

Akasin haka ma yana faruwa, kuma wannan ya shafi iyayenmu mata kai tsaye: ruwan bilic da ake wanki da shi yana da kulorin a ɗaure a cikinsa. In aka zuba shi a kan ruwan wanke masai mai asid, kulorin ɗin yana kuɓucewa ya tashi a matsayin iska, a cikin ɗan banɗaki maras taga. Kada a haɗa su, kada ma a yi amfani da su a jere ba tare da an ɗauraye wurin ba.

To mene ne bambancin kompawun da gauraye?

Je wurin mai shayi a Obalende da asuba ka tsaya ka saurara. Wani ya ce a sa masa sukari cokali biyu, wani ya ce huɗu, wani ya ce a ƙara madara. Kowa ya karɓi kofinsa, kuma duk shayi ne. Gauraye ke nan: kasonsa yana hannun mai haɗawa, kuma kowane abu a ciki yana nan da halinsa, sukari yana zaƙinsa, ganye yana ɗacinsa. Ruwa tsantsa ba ya karɓar wannan ciniki. Ko daga rijiyar Sakkwato ka tace shi ko daga ruwan saman Legas, kowane giram 1 na haidurojin yana tare da giram 8 na oksijin.

Hanyar rabuwa ma ta bambanta. Gauraye ana raba shi da tsinta, tacewa, tankaɗe, shanyawa ko tafasawa. Garau-garau, mai haƙuri zai iya tsince wakensa daga shinkafa. Kompawun kuwa sai an karya ɗaurin kansa, da wutar lantarki ko zafi mai yawa ko wani sinadarin. In ka tafasa ruwa ba ka raba shi ba, tururin ma H₂O ne.

Gwajin da na fi so a nuna wa yara a ɗakin gwajin makaranta shi ne na garin ƙarfe giram 7 da farar wuta giram 4. A cakuɗa su, a kawo maganaɗisu, ƙarfen zai bi shi ya bar farar wutar. A sake cakuɗawa a ɗora a wuta, sai ka ga abin ya yi ja yana ci da kansa, ya huce ya zama baƙin dunƙule. Ƙarfen yana ciki, amma ba ya tsintuwa kuma. Ba gwajin gida ba ne wannan, hayaƙin farar wuta yana cutar da ƙirji.

Yawancin abin da ke kewaye da mu gauraye ne. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, kashi 21 oksijin, ɗan ragowar argon da kabon dayoksaid da sauransu. Ruwan teku yana da gishiri iri-iri wajen giram 35 a kowace lita, shi kuwa ruwan lagun ɗin nan namu gishirinsa yana raguwa da damina idan koguna suka kawo ruwa, ya ƙaru da rani, abin da kompawun ba zai taɓa yi ba. Gas ɗin girki gaurayen butan da furofan ne, da ɗan wari da aka sa masa da gangan don a ji in yana yoyo. Ɗanyen mai gauraye ne, matakin farko na aikin matata irin ta Dangote da ke Ibeju-Lekki shi ne a dafa shi, kowane ɓangare ya tashi a nasa zafin. Sarƙar zinariya karat 18 kashi 75 ne kawai zinariya, karat 21 kashi 87.5, sai karat 24 ne ake kira tsantsa. Kanwar da ake saukewa buhu-buhu a Mil 12 gaurayen gishirin sodiyam ce iri-iri da ƙasa. Ko gishirin leda, tunda an ƙara masa aidin don maganin maƙoƙo, ya zama gauraye, duk da cewa a takardar jarrabawa in an rubuta NaCl kompawun ake nufi. Fiya wata ma sunansa ne kawai, akwai ma'adinai a narke a cikinsa.

Ƙananan lambobin nan da ake rubutawa a ƙasa, dole ne a kula da su?

Dole ne, kuma ba don maki kaɗai ba. Ƙaramar lamba a ƙasa tana faɗin atom nawa ne a cikin ƙullin. Babbar lamba a gaba tana faɗin ƙulli nawa ne. O₂ molikul ɗaya ne mai atom biyu, 2O atom biyu ne a rabe, 2H₂O molikul ɗin ruwa biyu ne, atom shida ke nan. Girman harafi ma magana ce: Co elimen ne mai suna kobal, CO kuwa kompawun ne.

H₂O ruwan sha ne. A ƙara oksijin ɗaya ya zama H₂O₂, wanda ake wanke ciwo da shi yana kumfa, ba ya shayuwa.

Amma misalin da nake tsayawa a kansa kowace shekara shi ne CO₂ da CO. Kabon dayoksaid, CO₂, shi muke fitarwa a numfashi, shi ne kumfar lemon kwalba. Kabon monoksaid, CO, oksijin ɗaya ne kawai ya ragu, kuma yana kisa. Yana samuwa idan fetur ko gawayi ya ƙone ba tare da isasshiyar iska ba. Ba shi da launi, ba shi da wari. In ya shiga huhu sai ya kama himogulobin, wato abin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini, kamun da ya fi na oksijin ƙarfi sama da sau 200. Jini yana zagayawa amma ba ya kai wa ƙwaƙwalwa abincinta. Mutum ya fara jin ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, barci ya ɗauke shi. Wanda kuma dama barcin yake yi ba zai ma ji komai ba.

Kun san gidajen hayarmu, ɗakuna suna kallon juna, lungu ɗaya a tsakiya. An ɗauke wuta, ana zafi, ana tsoron ɓarawo ko ruwan sama, sai a jawo janareta cikin lungu ko a sa shi gindin taga a kwanta. Kusan kowa a garin nan ya taɓa jin labarin iyalin da aka wayi gari ba su tashi ba. Janareta a waje yake zama, a fili, nesa da taga da ƙofa. Kaskon gawayi ba ya kwana a rufaffen ɗaki ko da sanyin hunturu ya kai ina. In mutanen ɗaki suka fara ciwon kai tare alhali inji yana aiki, a fita da kowa cikin iska nan take, a kashe shi, a tafi asibiti. Ina roƙon kowane ɗalibi da ya karanta wannan ya faɗa wa mutanen gidansu yau.

Me ya sa alamar sodiyam Na ce, ta fotasiyam kuma K?

Daga tsofaffin sunayensu aka ɗauko. Na daga natiriyam, shi kuma daga natron, wani gishirin ƙasa da aka daɗe ana haƙa a Masar, ɗan'uwan kanwarmu. K daga kaliyam, asalinsa kalmar Larabci ce da ke nufin tokar tsirrai, irin wadda ake tacewa a yi sabulu. Fe na ƙarfe, Au na zinariya, Ag na azurfa da Pb na dalma duk daga Latin suke. Ita kanta kalmar kimiyya da muke amfani da ita daga alkimiya ta Larabci ta zo, kuma daga can kalmar kemistiri ta samo asali.

Molikul nawa ne a cikin kurɓin ruwa ɗaya?

A giram 18 na ruwa, wato babban cokali ɗaya da ɗan ɗori, akwai molikul kusan 602 da sifili 21 a bayansu. Wannan ita ce lambar Abogadiro da za ku haɗu da ita a darasin mol. Ledar ruwa ɗaya ta santilita 50 ta ninka wannan kusan sau 28.

Idan gawayin mai tsire ya ƙone ya zama 'yar toka, ina atom ɗinsa suka tafi?

Ba su ɓata ba, abokin ɗauri suka sake. Kabon ɗin gawayi ya ɗauru da oksijin ɗin iska ya tashi. Giram 12 na kabon yana haɗuwa da giram 32 na oksijin ya ba da giram 44 na kabon dayoksaid, ba ragi ba ƙari. Tokar kuwa ma'adinan itacen ne da ba sa ƙonewa. Labuwaziye ɗan Faransa ne ya tabbatar da wannan ƙa'ida da ma'auni a ƙarshen ƙarni na 18.

Tsatsa ita ce ɗaya fuskar al'amarin. Wanda ya zo daga Arewa yakan yi mamakin yadda ƙofar ƙarfe da kwanon rufi ke saurin lalacewa a Legas. Ƙarfe yana ɗauruwa da oksijin ne idan akwai laima, gishirin da iskar teku ke ɗaukowa kuma yana hanzarta aikin. Elimen ya koma kompawun, kusan irin tamar da aka narko shi daga ciki. Da za a tattara tsatsar duka a auna tare da ragowar ƙarfen, za a tarar nauyi ya ƙaru, domin oksijin ya shigo. Fenti da man shafawa aikinsu su shiga tsakani.

Ana iya mayar da wani elimen ya zama wani? Misali dalma ta zama zinariya?

Da sinadarai, a'a. Dalma tana da furoton 82, zinariya 79, kuma na faɗa a sama cewa kemistiri ba ya isa cibiya. Ba ruwa, ba hoda, ba dafawa da za su cire furoton. Duk wanda ya zo maka da kwalba ya ce zai mayar da jan ƙarfe zinariya, kuɗinka yake nema.

Cibiya tana canzawa ta wata hanyar daban, wadda ta shiga fagen fiziks. A ƙarshen 1938 masana a Jamus suka gano cewa cibiyar yuraniyam tana tsagewa ta haifi wasu elimen, tare da makamashi mai yawan gaske. Daga nan tashoshin nukiliya suka samo asali, da irin yuraniyam ɗin da ake haƙa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar. A Nijeriya ma akwai ƙaramin injin nukiliya na bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda ya fara aiki a 2004. An taɓa samar da zinariya ta wannan hanya a manyan na'urori, amma ɗan abin da ake samu ko ido ba ya gani, kuɗin wutar kuma ya ninka darajarsa nesa ba kusa ba.

Malam, ni ban yi boko ba, kasuwa nake zuwa. Yaya zan san yarona ya gane ko hadda kawai ya yi?

Alhaji, ba sai ka san Turanci ba. Bayan isha'i ka sa a kawo maka gishiri, sukari, gawayi, ƙusa, kofin ruwa da kofin shayi. Ka ɗauki kowanne ka ce ya yi maka bayaninsa da Hausa, littafi a rufe, ta hanyar amsa tambaya uku. Abu ɗaya ne ko gauraye? In ɗaya ne, atom iri nawa ne a cikinsa? Ƙwayoyinsa ƙulli-ƙulli suke ko saƙa ce ba iyaka?

Ga abin da ya kamata ka ji. Shayi gauraye ne. Ruwa kompawun ne mai molikul. Gishiri kompawun ne maras molikul. Gawayi yawancinsa kabon ne, ƙusa yawancinta ƙarfe ce da ɗan kabon, in yaron ya ce maka su biyun ba tsantsa ba ne, ya fi wanda ya ce elimen ne ya yi shiru. Sukari kompawun ne mai molikul, kowane ɗaya yana da atom 45: kabon 12, haidurojin 22, oksijin 11.

Daga nan ka sa mahaifiyarsa ta ɗora tsohon murfin tukunya a kan wuta, taga a buɗe, ta zuba ɗan sukari a gefe ɗaya, ɗan gishiri a ɗaya gefen, shi kuma ya faɗi abin da zai faru tun kafin ya faru. Sukarin zai narke, ya yi ruwan zuma, ya yi tururi, ya ƙare baƙi ƙirin. Gishirin zai ɗan yi ƙara ya zauna fari yadda yake. Ka tambaye shi baƙin nan daga ina ya fito, alhali farin abu aka zuba. In ya ce maka kabon ne da dama yake ɗaure a cikin sukarin, zafi ya kwance shi, haidurojin da oksijin suka fice a matsayin ruwa, to ka bar shi ya wuce babi na gaba.